Fashin Baƙi: Idan takardar cikon haraji ta iske ka ba zato ba tsammani

Yawancin masu albashi a Najeriya sun ɗauka babu abin da ya haɗa su da hukumar haraji, tunda kafin kuɗi ya shiga asusunsu an riga an zare na gwamnati. Wannan zaton ne yake sa takardar cikon haraji ta fi girgiza ma'aikaci fiye da ɗan kasuwa. Mutum yana zaman zamansa sai a miƙo masa ambulan daga hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha, ko akantan ofis ya kira shi ya ce masu binciken haraji sun zo sun tafi, an gano abin da ake cire masa shekara da shekaru bai kai ba, ga ragowar da ake binsa, ga tara, ga kuɗin ruwa a kai. Daga nan mutane sukan rabu biyu. Wani ya jefa takardar cikin durowa ya yi kunnen uwar shegu da ita, wani kuma hankalinsa ya tashi ya shiga neman rance ko neman wanda ya san wani a ofishin. Duka biyun asara suke jawowa.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, adadin da ke jikin takardar lissafi ne da wani jami'i ya yi da bayanan da suka zo hannunsa. Zai iya zama daidai, zai iya zama ya yi yawa, wani lokaci ma ba kai ya kamata a tuhuma ba. Amma doka ta ba ka kwana 30 kacal daga ranar da takardar ta same ka don ka ce ba ka yarda ba, a rubuce. Idan kwanakin suka wuce ba ka ce uffan ba, bakin alƙalami ya bushe: lissafin ya zama tabbataccen bashi, ko da kuwa kuskure ne tun daga tushe. Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana rataye ne a kan waɗannan kwanaki 30.

Mu fara da wanda yake da ikon aiko maka da takardar. Harajin kuɗin shiga na mutum ɗaya, na jiha ne. A Kano hukumar KIRS ce, a Kaduna KADIRS, mazauna Abuja kuma FCT-IRS. Hukumar tarayya da aka sani da FIRS, wadda yanzu ta koma NRS, babban aikinta harajin kamfanoni ne da makamantansu, duk da cewa doka ta ware mata wasu rukunin mutane kaɗan irin su jami'an harkokin waje da waɗanda ba mazauna ƙasar ba. Saboda haka kafin komai ka tabbatar takardar ta gaskiya ce. Ka duba sunanka da lambar harajinka, da shekarun da ake magana a kansu, da lambar takardar, sannan ka je ofishin hukumar da ƙafarka ka tambaya, kada ka dogara da lambar wayar da ke jikin saƙon. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko ka kawo tsabar kuɗi a hannu, ba haraji yake karɓa ba. A Kaduna ma tun 2016 dokar harajin jihar ta haramta karɓar tsabar kuɗi kwata-kwata.

To daga ina giɓin yake fitowa, alhali ana cire wa mutum haraji kowane wata?

Tsarin PAYE, wato cire haraji daga albashi kafin a biya, yana tafiya daidai ne kawai idan mutum yana da hanyar samu guda ɗaya, kuma akantan wurin aikinsa ya yi lissafi daidai. Harajin kuwa a kan jimillar abin da ka samu a shekara ake ɗora shi, kuma hawa-hawa ne: gwargwadon yawan samunka, gwargwadon kason da za a cire daga na saman. A tsohuwar dokar da ta yi aiki har ƙarshen 2025, ana fara ware wa mutum rangwame na naira 200,000, ko kashi 1 cikin 100 na samunsa idan shi ya fi yawa, a ƙara da kashi 20 cikin 100 na samun. Abin da ya rage sai a bi shi mataki-mataki: naira 300,000 na farko kashi 7, 300,000 na biyu kashi 11, sai 500,000 kashi 15, wani 500,000 kashi 19, sai miliyan 1.6 kashi 21, duk abin da ya haura miliyan 3.2 kuma kashi 24.

Ɗauki ma'aikacin jinya da yake aiki a asibiti yana karɓar naira 250,000 a wata, da yamma kuma yana aiki a wani asibitin kuɗi ana ba shi 150,000. Don sauƙin lissafi mu ajiye batun fansho gefe. Wuri na farko ya ga miliyan 3 a shekara, ya ware masa rangwamen 800,000, ya cire harajin 350,000. Wuri na biyu ya ga miliyan 1.8, shi ma ya ware masa rangwame na 560,000, ya fara ƙirga daga matakin kashi 7, ya cire 155,600. An cire masa 505,600 ke nan, kuma kowane akanta ya yi aikinsa daidai a kan abin da ya gani. Amma a idon hukuma mutumin nan miliyan 4.8 ya samu, rangwame sau ɗaya ya cancanta, matakan ƙasa ma sau ɗaya zai hau su. Harajinsa na gaskiya 665,600 ne. Giɓin naira 160,000 ke nan a shekara guda, ba tare da ya ɓoye ko kwabo ba. Doka kuma ta ba hukuma damar komawa baya har shekara shida ta yi ƙarin lissafi, idan kuma akwai zamba ko ƙin biya da gangan, tana iya wuce haka. Shekara shida a kan wannan giɓi naira 960,000 ne, kafin a ɗora tarar kashi 10 cikin 100 da kuɗin ruwa. Ka ga yadda mutumin kirki yake wayar gari da bashin da ya haura miliyan.

Akwai wasu ƙofofin. Ariyas da aka biya a dunƙule, ko kuɗin ƙarshen shekara, ko alawus-alawus da ofis ya ɗauka babu haraji a kansu alhali akwai. Motar da kamfani ya ba ka kana hawa, doka tana ƙirga kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka saye ta a matsayin samu a kowace shekara, gidan da aka ba ka ma akwai ƙimarsa. Sai kuɗin haya ga mai gidan haya ko shaguna, da ladan aikin kwantiragi. A nan mutane da yawa suna ruɗewa, domin an riga an riƙe musu wani kaso tun daga tushe, misali kashi 10 a kan haya idan kamfani ne ɗan hayar, sai su ɗauka an gama. Wannan kason kafin alƙalami ne. Ana rage shi daga harajin ƙarshe, amma sai ka gabatar da takardar shaidar cirewar. Idan ba ka kawo ta ba, hukuma za ta lissafa maka kamar ba a taɓa cire komai ba, ka biya sau biyu.

Sai wata matsala da ta addabi masu aiki a Abuja. Haraji na jihar da kake zaune ne a ranar 1 ga Janairu na shekarar, ba na inda ofishinka yake ba. Wanda yake kwana a Mararaba ya tsallaka Abuja aiki, harajinsa na Nasarawa ne, na Suleja kuma na Neja. Idan ofis ya tura kuɗin Abuja, ranar da ka je neman takardar shaidar biyan haraji a jiharka za a ce maka ba a ga komai ba. A irin wannan hali kai ka biya, kuɗin ne ya tafi inda bai kamata ba, kuma gyaran yana tsakanin ofishinka da hukumomin biyu.

Yanzu kuma ga sauyin doka ya ƙara dagula lissafi. Ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, kuma sabon tsarin harajin mutum ya fara aiki 1 ga Janairu 2026. An soke tsohon rangwamen nan. A madadinsa naira 800,000 na farko babu haraji a kai, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, sai miliyan 13 kashi 21, miliyan 25 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Akwai kuma sassaucin haya, kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da kake biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Muhimmancin wannan ga mai riƙe da takardar ciko shi ne ya duba kowace shekara da ma'auninta: samun 2023 ko 2024 da tsohon ma'auni ake auna shi, na 2026 da sabo. Kuma kada wani ya zaci sabuwar doka ta toshe waccan ƙofar ta aiki biyu. Ma'aikacin jinyar nan, idan kowane asibiti ya ba shi nasa 800,000 na kyauta, za a cire masa 480,000 alhali 654,000 ake binsa. Giɓin ma ya ƙaru zuwa 174,000.

Tambayar da na fi so mai albashi ya tsaya a kanta ita ce: laifin wa? Doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin cire haraji daidai, ya tura shi kafin 10 ga watan da ke biye, ya kuma miƙa bayanin dukkan ma'aikatansa kafin ƙarshen Janairu. Shi ne abin tuhuma a kan abin da ya cire da abin da ya kamata ya cire. Idan takardun albashinka sun nuna an cire maka amma ba a tura wa gwamnati ba, babu ruwanka, kuma kada ka yarda a sake taɓa albashinka a kan wannan. Hujjarka ita ce takardar albashi ta kowane wata da bayanan asusunka na banki. Idan kuwa cirewar ce ta gaza saboda kuskuren akanta, hukuma ofishin take bi, ofis kuma yakan juyo kan ma'aikata ya ce zai dawo da kuɗinsa. A ganina asalin harajin ana iya tattaunawa a kansa, tunda samunka ne, a raba shi wata-wata yadda ba zai karya ka ba. Amma tara da kuɗin ruwan da sakacin ofis ya jawo, zalunci ne a ɗora su a kan ma'aikacin da bai taɓa riƙe biron lissafin ba. Wurin da ƙungiyar ƙwadago ya kamata ta sa baki ke nan, domin ma'aikaci shi kaɗai yana tsoron aikinsa, da wuya ya iya cewa a'a.

Na ɗan kasuwa da mai sana'ar kansa daban ne, kuma ya fi zafi. Shi babu mai cire masa, shi ya kamata ya kai bayanin samunsa kafin 31 ga Maris kowace shekara. Idan bai kai ba, ko ya kai hukuma ba ta gamsu ba, tana da ikon yi masa kintace. Kintacen nan kuwa sau da yawa daga abin da aka gani yake fitowa: girman shago, ko kuɗin da suka ratsa asusun banki. Ka dubi ɗan kasuwar atamfa a Kantin Kwari. A wata guda miliyoyi suna shiga asusunsa, amma a ciki akwai kuɗin kayan da ya karɓo bashi zai mayar wa mai su, akwai zubin adashin da yake riƙewa, akwai na ɗan'uwansa da ke Saudiyya da ya turo a saya masa fili, akwai na abokin ciniki daga Maraɗi da ya ce a haɗa masa kaya a shagon maƙwabci. Ribarsa a kan turmi ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Haraji kuwa a kan riba yake, bayan an fitar da kuɗin saro kaya da hayar shago da albashin yara da dako. Rance ba samu ba ne, amana ba samu ba ce. Sai dai jami'in haraji ba zai san haka ba sai an nuna masa, kuma nunin da takarda ake yi. Littafin shago da aka rubuta da biro, rasit na dillalai, littafin adashi, saƙon wayar da ɗan'uwa ya turo yana bayanin kuɗin, duk hujja ne. Wanda ya haɗa kuɗin gida da na kasuwa da na jama'a a asusu ɗaya shi ya fi shan wahala a nan.

Na san ƙyamar haraji tana da tushe a arewa. Dattawa ba su manta da haraji da jangali ba, da yadda ake wulaƙanta magidanci a kansu, har gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979. Ga kuma ƙorafin da kowa ke yi, na rashin ganin aikin da ake yi da kuɗin. Ƙorafi ne mai ƙarfi, ina kuma tare da masu yin sa. Amma ba shi ake rubutawa a takardar ƙin amincewa ba, kuma ba ya tsayar da ƙirgen kwana 30.

Ita takardar ƙin amincewa ba sai da lauya ba, in dai kuɗin ba su yi yawa sosai ba. A rubuta ta zuwa ga shugaban hukumar, a sa lambar takardar da aka aiko da ranar da ta iso. Abin da yake kashe yawancin irin waɗannan wasiƙu shi ne roƙo maimakon hujja. "Ina da iyali, a tausaya mini" ba dalili ba ne a wurin doka. Dalili shi ne: kun ce na samu kaza a 2023, ga takarduna, kaza na samu, ba ku rage kashi 8 na fansho da ake cire mini ba, ba ku rage kuɗin asusun gidaje da na inshorar lafiya ba, ga shaidar harajin da aka riƙe mini a kan haya, a wannan shekarar ba a jiharku nake zaune ba. Sannan ka faɗi adadin da kai ka yarda ana binka, ko ka ce babu. Idan akwai wanda ka yarda da shi, ka biya shi ka haɗa da rasit, domin yana nuna da gaske kake, yana kuma rage abin da kuɗin ruwa zai hau. Idan takardar ba ta zo da bayanin yadda aka yi lissafin ba, ka nemi a ba ka shekara-shekara, amma ka shigar da ƙin amincewar tukuna, kada ka zauna jiran amsa lokaci ya ƙure. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Wannan hatimin ya fi alkawarin kowane jami'i daraja, domin jami'in ana iya sauya masa wurin aiki gobe.

Bayan haka yawanci ana kiran zaman daidaita lissafi, kuma a nan mafi yawan rigingimu suke ƙarewa, adadin ya sauko. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta ba hukuma kwana 90 ta amsa, idan ba ta amsa ba a ɗauka ƙorafinka ya tabbata. Idan ta amsa ta ce ba za ta gyara ba, kana da wasu kwana 30 ka kai ƙara kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda take da zama a Kaduna da Bauchi da Jos da Abuja, ban da na kudu. A wannan matakin kam ka nemi akanta ko lauyan da ya san haraji. Sababbin dokokin sun kuma kafa ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji, wanda ake kai wa ƙorafin cin zarafi ko jan ƙafa daga jami'ai.

Idan kuma ka zauna ka yi lissafi ka ga bashin gaskiya ne fa? To ka amsa shi, ka rubuta ka nemi biya kashi-kashi, ka faɗi abin da za ka iya kowane wata ba tare da ka saɓa ba, ka kuma nemi a sassauta tara. Doka ta ba hukuma ikon yafe tara duka ko wani ɓangare, kuma an fi sauraron wanda ya zo da kansa da wuri. Gwamnati ma ta taɓa yin yafiya ta bai ɗaya a shirin VAIDS daga Yulin 2017 zuwa Yunin 2018, inda aka yafe tara da kuɗin ruwa ga wanda ya fito ya bayyana abin da ake binsa, amma ba abin zama jira ba ne. Abin da nake roƙon mutane su guje masa shi ne cin bashin manhajojin waya don a rabu da hukuma a rana ɗaya. Ruwan da suke ɗorawa a wata yakan fi na hukuma nesa ba kusa ba, ga tozarci idan ka makara, ga batun riba da yake damun mai kishin addininsa.

Haka nan hanyar bayan fage. Za a samu wanda zai ce ka kawo wani abu a kashe maganar. Kuɗin da babu rasit ɗin gwamnati a kansa bai rage maka komai a kundin hukuma ba, fayil ɗinka yana nan, kuma kwanakinka suna tafiya yayin da kake jiran mutumin ya cika alkawari. Da zarar lissafi ya tabbata, hukuma tana iya umartar duk wanda ke riƙe da kuɗinka, banki ne ko ofis ko ɗan haya, ya biya ta daga ciki, tana kuma iya neman izinin babbar kotu ta rufe shago ko ta kama kaya. Ba za ka samu takardar shaidar biyan haraji ba, wadda ke nuna shekaru uku na baya, kuma ana neman ta wajen kwantiragin gwamnati da takardun fili da wasu lasisi.

Abu na ƙarshe da ake mantawa shi ne shekarar da ake ciki. Idan musabbabin giɓin yana nan, wata takardar tana tafe baɗi. Mai aiki biyu ya je ofishin haraji ya bayyana duka biyun a daidaita abin da za a riƙa cirewa, ko ya riƙa ware bambancin da kansa kowane wata. Mai zaman haya ya kai wa akantan ofis rasit da yarjejeniyar hayarsa, domin sassaucin haya sai an nema ake bayarwa. Wanda ya sauya jiha ya sanar da ofis a rubuce. Kuma mai albashi ma, ba ɗan kasuwa kaɗai ba, ya cika bayanin samunsa na shekara kafin 31 ga Maris, ya sa har da haya da kwantiragi, ya ajiye kwafinsa tare da takardun albashi na aƙalla shekara shida.